Ɗan Fari a Lambun Hartum

A Wadai na haihu, a wani ƙauye da sunansa ya riga ya ɓace mini, damina ta biyu da barinmu gida. Haka tafiyar Makka take a zamaninmu. In damina ta riske ku a hanya sai ku sauke kaya, ku roƙi gona ku noma, in an yi girbi ku ɗaure guzuri ku ƙara gaba. Mu uku muka fito daga Kiyako ta ƙasar Birnin Kudu: ni, da Malam mijina, da Inna mahaifiyarsa, wadda ta rantse ko da jan gindi ne sai ta ga Ka'aba kafin ta mutu. Ni kuwa Hansai nake, 'yar Farin Dutse ta Gwaram. Gidanmu gidan shanu ne, irin Fulanin nan da Hausa ta cinye mana harshe amma ta bar mana kunyarmu.

Namiji na haifa, kuma shi ne ɗan fari. Kun dai san yadda ake yi, sai dai a gidanmu abin ya fi na kowa tsanani. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ko kallonsa ba ta yi muddin da idon wani a wurin. In aka tambaye ta ɗan wane ne, sai ta sunkuyar da kai ta ce na wance ne. To ni ban sha wahalar wannan ba da farko, don ga Inna. Tun ranar suna ta karɓe shi, ita ke goyo, ita ke wanka, ita ke yi masa kirari. In ya ji yunwa ta miƙo mini shi, in lulluɓe shi da mayafi in juya fuskata bango, ya ƙoshi in mayar mata da abinta. In na ce ban taɓa satar kallonsa ba na yi ƙarya, amma sata ce, ta wutsiyar ido.

Da kaka ta yi muka bi ayari zuwa Fashir ta ƙasar Darfur. A nan Larabcin da na tsinta wajen matan Wadai ya ɗan nuna, har ina iya ciniki, ina kuma iya zagi, wanda shi na fara ƙwarewa a kai. Mutanen Fashir ba su da rowa, sai dai tuwonsu tsami gare shi kamar an manta da shi a tukunya. Abin da ya fi damuna a can daddawa ce. Tamu ta ƙare tun a Barno, kuma duk faɗin ƙasar nan ban ga bishiyar ɗorawa ko ɗaya ba. Akwai ranar da na buɗe tsohuwar ƙwaryar da muka zubo daddawar a ciki, na cusa hancina ina shaƙa ina hawaye, Inna ta kama ni tana dariya, sannan ta ce, "Miƙo nan ni ma in ji."

Daga Fashir zuwa Kurdufan hanyar ƙishirwa ce. Ba rafi, ba rijiya sai jefi-jefi. Mutanen wurin kukoki suke raraƙewa su tara ruwan damina a ciki, su riƙa sayar wa matafiya guga-guga. Ni da na tashi ina ganin kuka abin miya ce kawai, ga ta ta zama randa. Ruwan baƙi ne, yana warin ɓawo, amma haka muke sha muna godiya. A gindin ɗaya daga cikin kukokin nan Inna ta kwanta. Zazzaɓi ne ya kama ta, ayari ya yi mana haƙurin da zai iya, amma ciwon ya fi ƙarfinta. Maganarta ta ƙarshe tambaya ce, wai da sauran nisa? Malam ya ce mata an kusa. A nan aka binne ta, aka jera ƙaya a kan kabarin saboda kuraye.

Sai yaron ya dawo hannuna. Goyo bai dame ni ba, wanda ke bayanka ai ba ka ganinsa. Abin da ya dame ni nono ne. Ni ma zazzaɓin ya taɓa ni, ga ƙishirwa, ga baƙin cikin Inna, sai nonon ya yi ta ja baya har ya zama in ya kama sai ya saki ya tsala kuka. Na dama masa kunu da ruwan kukar nan, cikinsa ya ɓaci. Kafin mu shiga birnin Ubayyid wuyansa ya fara langaɓewa.

A kasuwar Ubayyid muka sayar da tufafin Inna muka nemi akuya mai nono. Ni na zaɓe ta da kaina, ja mai farin goshi. Na buɗe bakinta, na tatsa na gani, na ɗanɗana. Mai ita wani dattijo ne mai carbi har gwiwa, ya ce mu jira ya shiga da ita garke ya raba ta da ɗanta kada ya biyo mu. Ya fito da ja mai farin goshi ya danƙa wa Malam igiya, ya bi mu da addu'a. Sai da muka isa zango na tsuguna zan tatsa, na ga ashe uwarta ya ba mu, ko kakarta. Hantsar ta bushe kamar tsohuwar salka. Na koma kasuwar da gudu, goyo na jijjiga a bayana, na tarar ba dattijo, ba garke, sai kashin awaki. Duk zagin da na koya a Fashir a wurin na juye shi, mutane suka taru suna kallon 'yar Takari, wato sunan da suke kiran duk wanda ya fito daga yamma zai je Makka. Akuyar kuwa yanka ta muka yi, namanta ma sai da ya cinye mana itace.

Muka iso Hartum cikin bazara. Gari ne na Turkawa a lokacin, a bakin kogin Nilu, ga kowane irin mutum a ciki. 'Yan Takari suna da zangonsu a bayan gari, rumfunan tabarma a fili fetal, ba inuwa ko ta tsinke. Malam ya samu aiki a lambun wani Baturke, yana kora shanun da ke juya sakiya, wata ƙatuwar ƙafar katako mai tuluna a jiki, tana ɗebo ruwa daga kogi tana juyewa a lambu. Ni kuwa na zaga zangon nan kaf ina neman mai shayarwa. Guda na samu, ita ma nata ɗan bai ishe shi ba. Madarar kasuwa rabinta ruwan kogi ce, in ya sha sai ya dawo da ita. Maɗigarsa ta faɗa, kukansa ya koma kamar na ɗan kyanwa. Wata tsohuwa 'yar Katagum ta leƙa shi ta ce, "Yarinya, ki bar wa Allah, wannan ba mai zama ba ne." Na ce mata, "Iya, da ma a hannunki yake da za ki faɗa mini haka?" Ba mu sake gaisawa ba.

Wata rana Malam ya dawo ya ce, "Gobe mutanen Masar da ke garin nan suna da al'ada, duk sai su fita lambuna shan iska, mai lambunmu ma zai buɗe wa kowa ƙofa. Ki zo da shi. Akwai inuwa, akwai sanyin kogi, ya fi zaman rumfar nan." Ban ga abin da iska za ta yi wa mai jin yunwa ba, amma zaman ma ba abin da yake yi. Da hantsi na goya shi na tafi.

Ban taɓa ganin lambu irin wannan ba. Namu na gida albasa ce da gauta a bakin fadama, ana ba su ruwa da jigo. Wannan kuwa dabino ne a jere, ga lemun tsami, ga rumman, ga inabi an ɗora shi a kan rumfa, ruwa na bin ƙananan hanyoyi a ƙarƙashinsu. Ko'ina mutane ne, gida-gida, an shimfiɗa dardumai, maza da mata a haɗe ba mai ɓuya wa wani. Malam yana can ƙarshen lambun bayan itatuwa, sai kukan sakiyar kawai nake ji. Na samu gindin wani rumman na shimfiɗa zane na kwantar da yaron. Da yake ido ya yi yawa, sai na matsa gefe na ba shi baya, na riƙa yi masa fifita da bakin mayafina ta baya ba tare da na waiwaya ba.

Kusa da ni akwai wani gida, su da yawa, da kwanduna da tuluna. Na lura kowannensu da ɗan zanen gicciye shuɗi a wuyan hannu. Ƙibɗawa ne, Nasaran Masar. Ni abin da na sani a kan Ƙibɗawa shi ne abin da malamai ke faɗa a tafsiri da azumi, mutanen Fir'auna, don haka na ƙara jan mayafi na kama kaina. Shugabarsu wata tsohuwa ce mai jiki, mai murya kamar ta sanƙira, daga baya na ji ana ce mata Sitti Marta. Tun da na zauna take kallona, ta kalli yaron, ta sake kallona. Can ta yunƙura ta taso.

Ta ce, "Ke 'yata, yaron nan na wane ne?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Na wata tsohuwa ne."

"Tana ina?"

"Ta rasu a Kurdufan."

"Uwarsa fa?"

Na shiga zane a ƙasa da tsinke.

"To ubansa, wa ake ce masa?"

Ku ji mini tsohuwa. Mace ta kama sunan mijinta, a tsakiyar mutane? Na nuna wajen sakiya da haɓa. Ta waiwaya, ba ta ga komai ba sai itatuwa. Ta ce, "Shi yaron ba shi da suna?" Na ci gaba da zanena. Sai ta daki ƙirji ta ce wa mutanenta maraya ne, ba uwa ba uba, an bar wa wannan baiwar Allah shi, ita ma ga ta nan ba ta san yadda za ta yi da shi ba. Na ji ta sarai, amma ban ga abin gyarawa ba. A wajenmu ai amsar da na ba ta ita ce amsar 'yar mutunci, kuma kowace mace daga Gwaram har Kano za ta gane abin da nake nufi.

Ba ta nemi izinina ba ta sunkuya ta ɗauke shi. Ta taɓa maɗigarsa, ta ja fatar cikinsa ta ga ba ta koma ba, ta ƙwala kira, "Warda!" Warda matar ɗanta ce, yarinya siririya mai shiru-shiru, tana shayar da 'yarta a lokacin. Ta cire 'yar ta miƙa wa wata, ta karɓi nawa ta ɗora a cinya, ko tambaya ba ta yi ba. Da farko ya kasa kamawa. Ta riƙa matsa masa a leɓe ɗigo-ɗigo, tana yi masa wata 'yar waƙa a hankali. Ni ina zaune na ba su baya, kunnena duk yana can. Can sai na ji ƙwat, ƙwat, ƙarar haɗiya. Wallahi na ji daɗin da ban taɓa ji ba, kuma na ji kishi kamar in haɗiyi zuciya, duka biyun a lokaci ɗaya. Hawaye suka yi ta zuba a kan zanen da nake yi a ƙasa.

Ni ma ba su bar ni ba. Sitti Marta ta ja ni har kan dardumarsu ta tura mini abinci. Ga gurasa, ga ɗanyar albasa mai ganye, ga ƙwai an rina shi ja da rawaya, ga wani kifi da aka jiƙa a gishiri har ya ruɓe. Warinsa kuwa, daddawa ba ta kama ƙafarsa ba. Ƙwan na ture shi, don a gidanmu mace mai haihuwa ba ta cin ƙwai. Kifin na so in ture, tsohuwar ta tsare ni da ido, ta yago ta matsa lemun tsami ta naɗe da gurasa ta kai mini har baki. Na rufe ido na haɗiye. Na biyun da hannuna na ɗauka, yunwa ba ta san ƙyama ba.

Haka muka wuni. Ya sha ya yi barci, ya farka ya ƙara. Wajen azahar sai ga Warda ta zabura tana dariya, ashe fitsari ya tsula mata a cinya. Yaron da ya daɗe zanensa a bushe. Sitti Marta ta rangaɗa guɗa, matan suka taya ta, har mutanen wasu dardumai suka leƙo su ga ko aure ake ɗaurawa. Ni ma na yi murmushi a cikin mayafi, na ce a raina, 'yar Katagum, da kina nan da kin gani.

Da la'asar suka fara naɗe dardumai. Ina jira a miƙo mini shi, sai na ga Sitti Marta ta cire zanena daga jikinsa, ta naɗe shi da wani farin mayafi nasu, ta mayar wa Warda. Ɗanta, mijin Wardar, wani mai suna Jirjis da ke aikin rubutu a wajen Turkawa, ya zo ya tsuguna nesa kaɗan da ni, ya yi mini magana a hankali don in gane.

Ya ce, "Mahaifiyata ta ce za mu tafi da shi. Ke kin yi iyakar ƙoƙarinki, Allah ya saka miki. Kada ki ji tsoro, ba bawa zai zama ba, da 'yata za su tashi. A garin nan yaron da ba shi da uwa ba shi da uba, in mutuwa ta bar shi dillalan bayi ba za su bar shi ba. Za mu kai shi majami'armu a raɗa masa suna, ya zama namu."

Ya ajiye mini wani sabon ƙyalle a gabana, wai tukuici. Ba mugunta a fuskarsa ko kaɗan. Alheri suke yi iyakar saninsu, kuma ni na ba su hanya da bakina.

Suka nufi ƙofa inda jakunansu suke. Ni kuwa na kasa tashi. Malam yana can ƙarshen lambu, kafin in je in dawo sun shige gari, kuma ban san ko unguwarsu ba. Kada ku ce kunya kaɗai ta zaunar da ni, da wani abu. Na san in ya kwana biyu a hannuna ba nono, ƙasa za ta karɓe shi kamar yadda ta karɓi Inna. A hannun Warda kuwa zai rayu. Na ce a raina, Hansai, da ki binne shi da sunanki, ba gara ya rayu da sunan wasu ba? Har na ɗora hannu a kan ƙyallen.

Sai na jiyo muryar nan ta Sitti Marta tana tambayar Warda me za su sa masa. Tana jero sunayensu ɗaya bayan ɗaya, tana gwada masa, tana leƙa fuskarsa wai ta ga wanda zai dace. Yaron da Inna ta yi wa kirari tun daga Wadai, wanda aka yanka masa rago da kuɗin geron da na noma da ciki. Ban san lokacin da na miƙe ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na yar da mayafin, na ratsa ta kan dardumar wasu mutane har na taka musu gurasa, na sha gaban jakin.

Na ce, "Yana da suna. Ɗana ne, ni na haife shi. Ubansa na nan da rai, ga shi can yana kora shanu." Sannan na kira sunan yaron, da ƙarfi, har na ƙarshen lambu sai da suka waiwayo.

Sitti Marta ta dube ni daga sama har ƙasa. Da akwai ragowar albasa mai ganye a hannunta, ta ɗaga ta shauɗa mini a kafaɗa.

Ta ce, "Tun safe? Tun safe ina tambayarki kina zane a ƙasa? Wace irin uwa ce ke?"

Na ce, "Irin ta ƙasarmu. Ɗan fari ne. Ba a kiran sunansa, ba a kallonsa a gaban mutane. Ni ma 'yar fari ce, uwata ba ta taɓa kiran sunana ba."

"Allah ya ba ki ɗa ki ji kunyarsa? Sato shi kika yi?"

Raina ya ɓaci. Na ce, "Sitti, ku ruɓaɓɓen kifi kuke ci, na ci ban ce muku komai ba. Kowa da irin nasa."

Jirjis ne ya fara tuntsirewa, sai matan, sai ita kanta tsohuwar, tana dariya tana share ido. Ta karɓi yaron daga hannun Warda ta ɗora mini a hannu. Na kawar da kai yadda na saba. Ta kama haɓata da yatsun nan nata masu warin kifi, ta juyo da fuskata ta ce, "Dube shi. Ba inda za mu sai kin dube shi." Na dube shi, da rana tsaka, a gaban mutane. Yana barci, bakinsa da sauran nono. Ashe kunnuwan Baffana ne da shi, manya masu fiffike, ban taɓa lura ba sai ranar.

Amma kallo ba ya ƙosar da yaro. Na ce musu gaskiya, "Ba ni da nono. In na koma da shi zango mutuwa zai yi." Warda, wadda tun safe ban ji ta yi magana da babba ba, ta ce, "Wa ya ce ki koma zango? Ina da na biyu. Ku taho tare."

Ana cikin haka Malam ya iso, taɓo har gwiwa, don an gaya masa wata 'yar Takari na rigima a ƙofa, kuma ya san ba wata sai ni. Aka gaya masa yadda aka yi. Sannan ya yi wa Jirjis godiya, ya ce shari'armu ba ta hana ba, sai dai su sani daga yau 'yarsu ta zama 'yar'uwar yaron, ba aure a tsakaninsu. Jirjis ya ce to, ai sai ya fara neman wani surukin tun da wuri.

A gidansu na zauna har zafi ya karye. Warda na shayar da biyu, ni ina yi musu niƙa da wanki, don ba zan zauna a ci da ni a banza ba. Sitti Marta ta sa ni gaba da hulba, safe da yamma, da romon tantabara, da riɗi da zuma. In na yamutsa fuska ta ɗaga mafici. Maganar majami'a ba wanda ya sake tayar da ita. Ita da kanta ta share mini wani lungu ta ce in riƙa salla a nan, ta hana kowa gittawa. Sannu a hankali nono ya dawo, har wata safiya na farka na tarar gaban rigata a jiƙe. Abu ɗaya ne ta kasa. Kullum sai ta yi dabarar da za ta sa in sake kiran sunan, ni kuwa in ce "yaron nan". Da ta gaji sai ta ɗauki aikin a kanta, tana kiransa tun daga safe har yamma, da muryar nan tata, tana karya sunan yadda harshenta ya ba ta.

Da ayarin Sawakin, garin da ake shiga jirgin Jidda, ya tashi, har bakin jirgi suka raka mu. Warda ta karɓe shi ta juya baya ta ba shi nono na ƙarshe, ko da yake a ƙoshe yake. Sannan ta miƙo mini shi. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Sauran tafiyar ba ta da labari mai yawa. Mun bi kogi zuwa Barbar, muka hau raƙuma zuwa Sawakin, muka haye bahar ina amai har Jidda. Na ga Ka'aba da idona, na yi wa Inna ɗawafi da jikanta a bayana. A Arfa na roƙa wa Warda da Sitti Marta alheri, ban kuma tsaya tambayar Malam ko ya halatta ba. Da muka juyo, shekaru sun shuɗe, Hartum ta hargitse da yaƙi, ayarinmu ya kauce mata. Ban sake jin ɗuriyarsu ba.

Yanzu yaron nan ga shi can a Birnin Kudu, gemu ya yi fari, da jikokinsa. Duk Juma'a yakan zo gaishe ni, ya tsuguna a bakin ƙofa, in amsa masa ina kallon bango, yadda aka san 'yar Farin Dutse da yi. Ya san yana da 'yar'uwa a cikin Ƙibɗawa, ubansa ya gaya masa. Kwanan baya ya aiko ƙaramar matarsa ta tambaye ni, wai da gaske ne na taɓa kiran sunansa? Na ce ta je ta ce masa da gaske ne, sau ɗaya, a gaban mutanen da ba su san mu ba. Ta dawo ta ce wai ya ce shi bai ji ba. Na ce ina zai ji, barci yake yi, ya ƙoshi.